Kan burtun kakana da duwatsun maharban ƙasar ƙanƙara

A zauren gidanmu na gado, a wani ƙauye da ke bakin fadama kusa da Argungu, akwai wani kan burtu da ke rataye a jikin azara tun kafin a haife ni. Na kakana ne, wanda ya yi zamaninsa yana harbi a dazukan da yanzu duk sun koma gonaki. An sassaƙa shi da itace, aka lulluɓe shi da baƙar fata, aka manna masa jajayen 'ya'yan idon zakara, kuma yana da igiyar da ake ɗaura shi da ita a goshi. Muna yara tsoronsa muke ji, musamman da almuru idan hasken fitila ya sauka a kan dogon bakinsa. Sai da na yi wayo aka bayyana mini aikinsa. Maharbi yakan ɗaura shi, ya yafa baƙin zane, ya durƙusa cikin ciyawa yana rarrafe yana sunkuyar da kai kamar tsuntsun da ke kiwo, su kuwa barewa da gada, da yake sun saba ganin burtu a dawa bai taɓa cutar da su ba, sai su ci gaba da kiwonsu har ya matso inda kibiyarsa za ta kai.

Abin da ya dawo mini da wannan kan burtu a rai shi ne wani hoto da na gani kwanakin baya, na wasu duwatsu da ke jere a ƙarƙashin ruwan tafkin Huron, tsakanin Amurka da Kanada, waɗanda masana suka ce maharba ne suka jera su kimanin shekara 9,000 da suka wuce domin farautar wata dabba da ake kira karibu. Maganar gaskiya, da farko ban ga wani abin a-zo-a-gani ba. Ni da na taso ina jin labarin Surame, birnin da Muhammadu Kanta ya kafa a ƙarni na 16, wanda har yau ragowar ganuwarsa ta dutse ke tsaye a daji, idan aka ce mini tsohon ginin dutse, abin da nake sa ran gani shi ne bango mai kauri da ƙofofi. Waɗannan kuwa duwatsu ne da ɗan akuya ma zai tsallake yana wasa. Sai da na daɗe ina karatu a kansu kafin na gane cewa da mudun da bai dace ba nake awo. Ganuwa aikinta ta tare abokin gaba da ƙarfin tsiya, su kuwa waɗannan duwatsu idon dabba suke yaudara, wato sana'arsu ɗaya da kan burtun kakana.

Karibu ta fi barewa girma nesa ba kusa ba, amma ba ta kai gwanki ba. Ƙahonta rassa-rassa ne kamar busasshen reshe, yana faɗuwa duk shekara ya sake tsirowa, kuma mace da namiji duk suna da shi. Tana zaune a can ƙuryar arewacin duniya, a Alaska da Kanada da tsibirin Girinlan da arewacin Turai da Rasha. A wasu wuraren, kamar ƙasar mutanen Sami a arewacin Norway da Suwidin da Finlan, kiwonta ake yi kamar yadda Fulani ke kiwon shanu, amma a arewacin nahiyar Amurka dabbar dawa ce. Yawancin ƙasar da take kiwo fili ne fetal, ba bishiya ba kurmi, ƙasan cikinsa a daskare rani da damina, abin da ke tsiro a kai bai wuce gansakuka da gajerun ciyayi ba. Idan ƙanƙara ta fara narkewa, wajen watan Afrilu zuwa Mayu, garkunan sukan yi arewa zuwa inda mata ke haihuwa, idan sanyi ya kunno kai kuma su juyo kudu. Garke ɗaya yakan kai dabba dubu ɗari ko fiye, tafiyar zuwa da dawowa kuwa takan haura kilomita 1,000. Wanda ya san yadda makiyaya ke yin kudu da rani su dawo da faɗuwar damina zai fahimci tsarin, sai dai a nan babu mai sanda a bayan garken.

Ga mutanen wannan ƙasa, wucewar garken ita ce kakarsu. Babu gero, babu dawa, babu auduga. Naman da kitsen da ɓargon su ne abinci, jijiya ita ce zaren ɗinki, ƙaho da ƙashi su ne kayan aiki, fatar kuwa ita ce ke raba mutum da mutuwa a sanyin da ke daskarar da yawu. Gashin karibu yana da rami a ciki kamar kara, shi ya sa yake riƙe ɗumi, kuma sukan sa riga biyu, ta ciki gashinta na kallon jiki, ta waje gashinta na kallon iska. Fatar da ta fi dacewa da sutura ita ce ta ƙarshen Agusta zuwa Satumba, lokacin da sabon gashi ya fito bai yi kauri ainun ba. Ke nan cikin 'yan makonni kaɗan ake neman abincin da suturar da za su kai gida ga wata shekara. Ga shi kuma fili ne da babu ko kututturen da mutum zai laɓe, baka ba ta jifa da nisa, dabbar kuma ta fi kowa gudu. Maharbinmu yana da ciyawa da zai rarrafa a ciki, kuma barewa ɗaya ta ishe shi ya koma gida da fara'a. Su kuwa ba su da ciyawar, kuma dabba ɗaya ba ta kashe musu ƙishirwa. Maimakon su je wurin dabbar, sai suka nemi hanyar da za su sa ta kawo kanta.

Mutanen Inuwit, wato 'yan asalin ƙuryar arewacin Kanada da Alaska da Girinlan, suna kiran dutsen da aka tayar ko aka ɗora wani kan wani inukshuk, kuma ma'anar kalmar a harshensu ita ce abin da ke tsayawa a madadin mutum. Da na karanta wannan sai da na yi dariya ni kaɗai, domin Hausa ta riga ta raɗa wa abin suna: mutum-mutumi. Ba dukansu ne na farauta ba, wasu alamar hanya ce, wasu na nuna inda aka binne nama ko inda kifi yake, kuma hoton ɗaya daga cikinsu ne a tsakiyar tutar yankin Nunabut na Kanada, wanda aka kafa a 1999. Na farautar kuwa a jere ake dasa su, sahu biyu, bakinsu a buɗe da faɗi ta inda dabbobin za su shigo, suna matsewa a hankali kamar mazurari. Sau da yawa dutse biyu ko uku ne kawai aka ɗora, a aza masa ɓangaren ƙasa mai ciyawa a ka don ya yi kama da gashin mutum, wani lokaci a maƙala fiffiken tsuntsu ko tsinken fata da iska za ta riƙa kaɗawa. Ina yaro an sha tura ni tsaron shinkafa a fadama lokacin da jan-baki ke sauka, kuma na san cewa tsohuwar riga a kan sanda ba ta korar tsuntsu sai iska na motsa ta, don haka muke ɗaura leda da gwangwanaye a igiya. Karibu ma haka take. Idonta bai cika rarrabe mutum da dutse daga nesa ba, amma motsi ba ya wuce ta. Akan kuma dasa duwatsun a kan tudu, inda dabbar da ke ƙasa za ta hango su sun yi baƙi a jikin sararin sama.

Akwai wata ɗabi'a ta biyu da suka gano a jikinta, wadda a ganina ita ce ƙashin bayan dabarar gaba ɗaya. Idan karibu na tafiya ta ci karo da wani abu mai tsawo a miƙe, ko gaɓar tafki ce, ko gefen tudu, ko jerin duwatsu, ta fi son ta bi gefensa da ta ƙetare shi, ko da kuwa ƙetarewar ba ta fi taku ɗaya ba. Saboda haka maginin ba ya buƙatar bango. Abin da yake buƙata shi ne ya san inda garken ya saba bi, ya sami wurin da ƙasa da kanta ta matse hanya, tsakanin ruwa da tsauni misali, sa'an nan ya cike gurbin da ya rage da 'yan duwatsu. A ƙarshen mazurarin akan gina maɓoya, wani ɗan kewayen dutse mai siffar jinjirin wata, wanda tsawonsa bai cika wuce gwiwa ba, Inuwit na kiransa talu. A bayansa maharba ke kwantawa su yi kwanton ɓauna. Diamond Jenness, wani masanin al'adu da ya zauna tare da Inuwit na wajen tsibirin Biktoriya daga 1914 zuwa 1916, ya ga wannan farauta da idonsa, kuma ya ba da labarin yadda mata da yara ke zagayawa bayan garken suna kukan kyarkeci don su ingiza shi cikin hanyar. Korar ma sai da gwaninta, domin idan aka matsa wa garken ya firgita zai fasa jerin duwatsun ya watse, idan kuma aka yi sako-sako ya juya abinsa.

Da na je gida ƙarshen wata, na nuna wa Baffa zanen irin wannan jeri a wayata. Shi ne ƙanin mahaifina, kuma shi ne ya riƙa ɗaukar wa Kaka kwari yana saurayi. Ya karɓi wayar ya nisanta ta daga idonsa, ya daɗe yana kallo, sa'an nan ya ce, "Wanga ai burtali na, ɗana." Na yi shiru, domin cikin kalma ɗaya ya gama bayanin da na kwana uku ina haɗawa. Burtalin da shanu ke bi tsakanin gonaki sau tari shingensa 'yar aguwa ce ko bini-da-zugu, wanda bijimi zai iya takewa ba tare da ya ji ba, amma garke na biye da shi har mashaya. Bai mayar mini da wayar ba sai da ya ƙara tambaya: "To, daga ina iska ka busowa?" Na ce masa zanen bai nuna ba. Ya girgiza kai ya ce idan iska ta ɗauki warin mutanen da ke laɓe ta kai wa dabbobin, to duwatsun nan aikin banza ne, ko da sun kai dubu. Daga baya na tarar da cewa haka ɗin ne, maharban arewa sukan jira ranar da iska ta dace, domin hancin karibu ya fi idonta aiki nesa ba kusa ba.

Wani lokacin ba maɓoya ce ke ƙarshen hanyar ba, ruwa ne. Karibu gwanar iyo ce, kuma gashin nan nata mai rami yana sa ta yi sama-sama a ruwa kamar mai rungume da gora, amma duk gwanintarta ba ta tsere wa mutumin da ke cikin siririn kwale-kwalen fata da mashi a hannu. Sai a bari garken ya yi nisa da gaɓa, a fito masa, kuma wadda aka soke ba ta nutsewa, sai dai a jawo ta. A kogin Kazan, kusa da garin Baker Lake, akwai wani mashigi da Inuwit suka daɗe suna tsare garken kaka a wurin, wanda gwamnatin Kanada ta sanya cikin wuraren tarihi na ƙasa a 1995. Irin waɗannan mashigai suna da dokokinsu masu tsauri. Ba a kafa tanti a gefen da dabbobin ke shiga ruwa, ba a barin jini da ƙasusuwa a bakin mashigin, kuma akan bar na gaba-gaba su wuce lafiya, domin idan aka firgita jagororin garken duka zai iya sauya hanya. Mutumin Argungu ba ya buƙatar dogon bayani a kan wannan. Matan Fada ma ba a shiga ta da koma sai an ba da izini, kuma masunta sun san cewa hanin da Sarkin Ruwa ke tsarewa shi ne ke sa a sami abin kamawa ranar da aka buɗe.

Siffar jerin ma tana faɗin irin makamin masu shi. Max Friesen na jami'ar Toronto ya yi nazarin waɗanda ke Ikaluktuk, kusa da garin Cambridge Bay a tsibirin Biktoriya, ya lura cewa iri biyu ne. Wasu bangonsu a haɗe yake, ƙofarsu 'yar ƙarama, maɓoyar kuma daf da ita. Wasu kuwa duwatsunsu a warwatse suke, ƙofarsu mai faɗi. Fassararsa ita ce masu matsattsiyar ƙofa na masu mashi ne, wato mutanen da masana ke kira Doset, waɗanda suka riga Inuwit zama a wurin kuma ba su amfani da baka, don haka dole dabbar ta wuce inda hannu zai kai. Masu faɗin kuwa na masu kwari da baka ne. A yammacin Girinlan, a wani wuri da ake kira Aasivissuit, akwai jerin da tsawonsa ya kai kilomita 3.9, kuma yankin ya shiga jerin wuraren gadon duniya na hukumar UNESCO a 2018. Mutanen Norway na dā sun ƙara da ramuka, suna haƙa su a kan hanyar dabbobin, su daɓe bangonsu da dutse, su rufe baki da rassa da gansakuka, kuma a tsaunukan Dovre akwai jeri guda mai rami fiye da 1,000. Inda akwai itace, kamar ƙasar mutanen Gwich'in a Yukon da Alaska, da itacen aka yi shingen, aka ɗana tarkunan igiyar fata a cikin garkar da ke ƙarshensa. Dabarar ba ta tsaya a ƙasar sanyi ba. A hamadar Jodan da Siriya da Saudiyya akwai dubban irin waɗannan dogayen jerin duwatsu da aka yi don barewa, wasu har an sami taswirarsu a zane a jikin dutse tun shekara 8,000 zuwa 9,000 da suka wuce.

Bari in koma ga na tafkin Huron, tunda shi ya jawo maganar. Bayan da ƙanƙarar da ta taɓa lulluɓe arewacin Amurka ta janye, an yi wani zamani da ruwan tafkin ya yi ƙasa ƙwarai, har wani dogon tudu ya fito fili, ya taso daga wajen garin Alpena na jihar Michigan ya nufi Amberley a lardin Ontario, da ruwa dama da hagu. John O'Shea na jami'ar Michigan ya yi tunanin cewa idan ƙasa ta matse haka, dole garkunan karibu na wancan zamani sun bi ta kai, kuma inda dabba ta bi maharbi na nan. Shi da abokan aikinsa suka shiga bincike da na'urar da ke aika amo ƙarƙashin ruwa tana zana hoton ƙasa, da wani ƙaramin jirgi mai kyamara da ake sarrafawa daga sama, da kuma masu nutso. A 2009 suka fara ba da labarin abin da suka gani, a 2014 kuma suka bayyana wurin da suka raɗa wa suna Drop 45, mai nisan kilomita 56 daga Alpena, a zurfin mita 37. Sahu biyu ne na duwatsu, tsawon mita 30, faɗin mita 8, suna kaiwa ga wani lungu da ba shi da mafita, da maɓoya uku masu kewaye a jikin sahun. A ciki da gefen maɓoyar aka tsinto ɓarɓashin dutsen da ke zuba idan ana gyaran bakin makami. Wannan ɓarɓashi ya fi komai taɓa ni, domin ina iya ganin mutumin a tsugune bayan dutse yana wasa kan mashinsa don ya rage zaman jira, kamar yadda masunci ke ɗinkin koma a gindin itace.

Inda wurin ya fuskanta ma ya ba da labari. Ba zai yi aiki ba sai ga garken da ya nufi arewa maso yamma, wato tafiyar bayan sanyi, kuma girmansa na nuna cewa sai mutane da yawa sun haɗu. A kan tudun an kuma sami ƙananan maɓoya masu baki biyu kamar cokali mai yatsa, waɗanda ke fuskantar garken da ke komawa kudu da kaka, irin waɗanda gida ɗaya ko biyu za su iya tsarewa. Daga nan masu binciken suka fahimci cewa mutanen sukan taru da yawa a wani lokaci na shekara su rarrabu a wani. A 2021 kuma aka sanar da samun wasu 'yan ƙananan ɓaraguzai biyu na baƙin dutsen nan mai ƙyalli kamar gilashi da aman wuta ke samarwa, kuma gwaji ya nuna cewa asalinsu daga jihar Oregon da ke yammacin Amurka ne, nisan kilomita kusan 4,000. Hannu nawa dutsen ya bi kafin ya iso, wannan abin lissafi ne ga duk wanda ya san yadda goro ke tasowa daga Gwanja ya iso kasuwanninmu.

A shekarar 2021 ɗin ce kuma wasu ɗaliban jami'ar Kiel da malaminsu Jacob Geersen, suna koyon aikin auna ƙasan teku a gaɓar Jamus kusa da garin Rerik, suka ci karo da wani jeri a zurfin mita 21 cikin tekun Baltik. Tsawonsa mita 971, duwatsunsa 1,673, kuma tsayinsa bai kai mita ɗaya ba a mafi yawan wurare. Maginan sun tarar da manyan duwatsu kusan 300 da ƙanƙara ta yasar a warwatse, waɗanda ba sa ɗaguwa, sai suka haɗe tsakaninsu da ƙanana da mutum zai iya ɗauka. An ƙiyasta cewa ya haura shekara 10,000, kuma yana bin gefen wani tsohon tafki ne, abin da ya sa masu binciken ke ganin an yi shi don matse dabbobin tsakanin bango da ruwa.

Ba mamaki ba ne a ce mafi tsufan waɗannan gine-gine a ƙarƙashin ruwa ake samunsu. Da a tudu suke, a ƙasar da ake noma, da tuni garma ta watsa su, ko mai gini ya kwashe su ya zuba a harsashin ɗakinsa, kuma ba zai san ya yi ɓarna ba, tunda abin da ya gani tarin dutse ne kawai. Mu ma muna da namu abin da ruwa ya rufe. Lokacin da aka kammala madatsar ruwa ta Kainji a 1968, tafkin ya haɗiye tsohon garin Bussa da tsibirai da ƙauyuka masu yawa har cikin ƙasar Yawuri, aka tayar da mutum fiye da 40,000. Waɗanda aka tayar sun tafi da kayansu da labaransu, amma duk abin da kakanninsu suka dasa a ƙasa yana nan a ƙarƙashin ruwan.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne cewa wannan farauta gayya ce. Mutum ɗaya ba ya jera dutse 1,673, kuma ko ya jera ba zai iya zama mai kora da mai harbi a lokaci guda ba. Dole a sami dattijon da ya san hanyar garken, da wanda zai hau tudu ya yi leƙen asiri, da mata da yaran da za su yi kora, da masu fiɗa, da masu shanya nama, da masu tara duwatsu a kan abin da za a adana don kyarkeci da dila kada su tona, wato rumbunsu ke nan. Kuma tunda kowa ya sa hannu, kowa na da rabo. Wanda ya taɓa bin farautar rani a ƙasarmu, kafin dazuka su gagari shiga, ya san irin rigimar da ke tashi a kan zomo ɗaya tsakanin wanda karensa ya tayar da wanda gorarsa ta sauka. Mutanen da suka iya raba ɗaruruwan dabbobi shekara da shekaru ba tare da sun watse ba, lalle suna da shari'a da shugabanci, ko da ba su bar fada ko ganuwa ba. Shi ya sa nake jin haushin masu kiran irin waɗannan al'ummomi marasa wayewa, har da ni kaina a ranar da na fara ganin hoton.

Duk da haka ba na son in mayar da rayuwar tasu tatsuniya. Dabarar tana da rauni babba guda ɗaya, wato dutse ba ya tashi ya bi garke. Shekarar da dabbobin suka sauya hanya, ko yawansu ya ragu, mutanen da ke zaune a mashigi suna jira sai yunwa. A shekarun 1950 an yi irin wannan yunwa a cikin Inuwit na tudu, yamma da tekun Hudson, kuma abin da ya ƙara dagula al'amarin shi ne yadda gwamnatin Kanada ta kwashe wani ɓangare nasu da ake kira Ahiarmiut daga tafkin Ennadai ta kai su wuraren da ba su sani ba, inda wasu suka rasa rayukansu. Sai a 2019 gwamnatin ta nemi gafararsu. Ilmin maharbi a ɗaure yake da ƙasarsa, wanda ya san kowane mashigi a kogin garinsu baƙo ne a bakin wani kogin.

Bindiga ce ta kashe sana'ar jera duwatsu, kamar yadda adaka ta sa aka rataye kwari da baka a ƙasarmu. Da zarar mutum ɗaya zai iya kayar da dabba daga nesa, ba ya buƙatar tara gari, don haka zuwa farkon ƙarni na 20 shingayen Gwich'in sun zama kufai. Garkunan ma wasunsu sun ragu ƙwarai. Garken da ake kira Bathurst a arewacin Kanada ya kai kimanin 470,000 a 1986, amma ƙidayar 2021 ta sami kimanin 6,200 kacal, kuma masana na danganta raguwar da haɗuwar abubuwa da dama, ciki har da ɗumamar yanayi da hanyoyin mota da ma'adinai, ban da hawa da saukar da garkunan suka saba yi tun asali.

Kafin in baro ƙauye na roƙi Baffa ya sauko da kan burtun. Igiyarsa ta riga ta mutu, sai da ya tsinko wata daga jikin tsohon buhu, kuma idon zakara ɗaya ya faɗi ya bar gurbi. Ya ɗaura a goshi, ya ja bargo ya yafa, ya durƙusa a tsakar zaure da kyar saboda gwiwa, jikokinsa suka taru a ƙofa suna ƙyalƙyala dariya. Ya yi taku uku a rarrafe, ya tsaya cak, ya kai bakin burtun ƙasa sau biyu kamar mai tsince fara, ya karkata kai gefe, sa'an nan ya sake matsawa. Daga ƙarƙashin bargon ya ce mini rarrafen ba shi ne wahala ba, wahalar ita ce lokacin da barewa ta ɗago kai ta zuba maka ido, domin a nan ne zuciya ke ce maka ka daskare, alhali burtun gaske ba ya daina kiwo don barewa ta dube shi. Ya ƙara saran ƙasa sau ɗaya, sa'an nan ya miƙo mini hannu na tayar da shi.